Gashin da ya lafe ya ƙi tashi: a duba nauyin da aka ɗora masa tukuna

Ranar tsifa ake ganin gaskiyar kai. Kitso yana rufe aibi, kallabi da hijabi su ƙara rufewa, amma da an tsefe an taje sai mace ta ga gashin ya lafe a fatar kai kamar an bi shi da dutsen guga, babu tashi, babu cika, in ta tattara shi a hannu ɗaya bai cika tafi ba. Abin da yawancinmu ke yi a nan Damagaram shi ne a nufi Kasuwar Dole a sayo wani man kitson, a haɗa da na gida, a ƙara labtawa. Ni kuwa abin da nake so ki fara riƙewa, ƴar uwa, shi ne sau da yawa man nan ne ya kwantar da gashin tun farko.

Lafewar gashi ba ciwo ɗaya ba ce. Akwai gashin da yawansa na nan, lafiyarsa lau, nauyin mai da ƙura da sauran sabulu ne suka danne shi. Akwai wanda silinsa ya sirance ya yi rauni, yana karyewa a tsakiya, gindi da kauri amma ƙarshe kamar gezar tsohon mayafi. Akwai kuma wanda yawan ne ya ragu, gashi na fita daga tushe bai samu madadi ba. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yana iya zama cutar wani. Shi ya sa ba na son a ce wa mace "shafa kaza" alhali ba a duba wanne ne nata ba.

Dubawar ba ta buƙatar komai sai haske da farin ƙyalle. Ki shimfiɗa ƙyallen a cinya, ki taje, ki ɗebi abin da ya faɗo ki duba sili-sili. Wanda yake dogo kuma a bakinsa ɗaya akwai ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero, wannan daga tushe ya fito, zuba ce. Gajeru masu tsawon gaɓar yatsa ko biyu, babu farin ɗigo, karyewa ce. Daga nan ki goga yatsa a fatar kai ki murza da babban yatsa. In kin ji danƙo, ko ƙarƙashin farce ya cika da wani abu mai launin toka, nauyi ne. Sai ki yi tsaga a tsakiyar kai ki duba a madubi: in tsagar ta fi faɗi a saman kai fiye da ta ƙeya, yawan ne ke raguwa.

Kada dunƙulen gashin ranar tsifa ya tayar miki da hankali. Kan mutum yana ɗauke da sili wajen 100,000, kuma mai lafiya ma yana zubar da 50 zuwa 100 kowace rana. Wadda ta yi mako huɗu da kitso, abin da ya kamata ya faɗi a kwana 28 yana nan maƙale cikin kitson, sili 1,400 zuwa 2,800 ke nan, duk su fito rana ɗaya. Wannan ba zuba ba ce, bashi ne aka biya.

Gaskiya guda kuma da masu tallar mai ba sa faɗa: ramukan da gashi ke tsirowa daga cikinsu, da su aka haife ki, babu man da ke ƙara ko ɗaya. Kaurin sili ma yawanci gado ne. Abin da ke hannunki shi ne ki sauke nauyi, ki hana karyewa, ki sa gindin gashin ya miƙe tsaye, ki kuma gyara abin da ke cikin jiki in shi ne ke jawo zuba. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gashi iri ɗaya, yawa ɗaya, in ya tashi daga gindi sai ya yi kamar ninkin wanda ya lafe.

Wanki, a garin da ruwa ke da tsada

A nan ne zan daɗe, don a nan matsalar mafi yawa take. Man kitson da ake sayarwa a gwangwani da roba, akasarinsa basilin ne aka sa wa launi da ƙamshi. Basilin ba ya shiga cikin sili, a bayansa yake zama. Ki haɗa shi da man shanu ko man kaɗe, iskar hunturu ta kwaso ƙura ta zuba a kai, zufar watan Afrilu da Mayu ta bi ta kai, sai a samu wani danƙo da ke manne sili da sili. Sili goma in suka manne sun zama ɗaya, fatar kai ta bayyana a tsakaninsu, mace ta ce gashinta ya ƙare. Bai ƙare ba, haɗewa ya yi.

Kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram, musamman da bazara in famfo ya ɗauke aka koma sayen bido wajen ƴan garuwa. To wanke kai da kyau ba ya cin ruwa kamar yadda ake zato, in an bi shi da tsari. Lita 6 zuwa 8 sun isa. Ki raba gashin gida huɗu ko shida, ki yi wa kowanne kalaba sako-sako. Ki zuba babban cokali ɗaya na shampu a rabin kofin ruwa mai ɗumi ki kaɗa, domin shampun da aka tsarma ya fi ratsa gashi ya kai fata, ya kuma fi saurin fita. Ki jiƙa kan da kofi biyu, ki zuba haɗin a kan tsagogin, ki murza fatar da tsokar yatsu, ba da farce ba, minti biyu zuwa uku. Wankin farko ba zai yi kumfa ba, mai ne ya cinye ta, kada ki ƙara shampu saboda haka. Ki ɗauraye da lita ɗaya da rabi, ki maimaita. A na biyu kumfa za ta tashi, alamar fata ta fita ke nan. Sauran ruwan duk na ɗauraya ne, a zuba da ƙaramin kofi, sannu-sannu, gida-gida, ana matse kowace kalaba. Kwara bokiti gaba ɗaya ɓarnar ruwa ce, yana bin saman gashi ya wuce bai taɓa gindi ba.

Shampun da za ki nema don wannan aiki shi ne garai-garai wanda ake hango haske ta cikinsa. Mai kauri fari kamar madara yawanci an cika shi da abubuwan sa santsi, yana da amfani ga busasshen gashi mai kauri, amma ga mai laushi da ke lafewa ƙarin kaya ne. Sau ɗaya a mako ko a kwana goma ya wadatar ga gashin da ke sake. Mai kitso kuma kada ta wuce mako biyu ba ta wanke fatar ba, ko da kitson a kai.

Sabulun salo yana wanke mai sosai, ban musa ba, amma yana da kaifi irin na toka da kanwa. Gashi da fatar kai sun fi son abu mai ɗan tsami-tsami, a ma'aunin da masana ke kira pH suna wajen 4.5 zuwa 5.5, sabulu kuwa yana kai 9 zuwa 10. Bayan silin gashi ɓawo-ɓawo ne kamar na kifi, abu mai kaifi yana buɗe su, gashi ya yi kaushi ya cukurkuɗe. In kuma ruwan rijiyar unguwarku irin wanda sabulu ba ya kumfa da shi ne, mai barin fari a gindin tukunya, to sabulun yana haɗuwa da ma'adinin ruwan ya zama wani farin datti da ke kwanciya a gashi. Maganinsa ɗaurayar tsami: babban cokali ɗaya na ruwan khal, wato binegar, a rabin lita na ruwa, ko rabin lemun tsami a lita ɗaya, a tace. A zuba bayan wanki, a bar shi minti biyu, a bi da kofi ɗaya na ruwa. Sau ɗaya a mako biyu. In an wuce wannan awon, ko aka zuba lemun tsami zalla, gashi zai bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Omo da sabulun wankin kaya kuwa kada su kusanci kai ko da wasa.

Karkashi, a ganina, shi ne abin da ya fi dacewa da gashi mai lafewa cikin duk abin da muke da shi a gida. Yauƙinsa yana warware cukurkuɗa kamar man laushin kanti, amma ba ya barin maiƙo. Busasshen ganye cikin tafi ɗaya, wajen babban cokali uku, a zuba masa lita ɗaya na ruwan zafi wanda aka sauke daga wuta, a rufe minti 15 zuwa 20, a tace da rariya ko tsohon ɗankwali. Tacewar dole ce, in ba haka ba za ki kwana kina tsince ganye. Garin karkashi irin na miya ya fi wuyar fita, gara ganyen da ba a daka ba. Kada a sa kanwa, wannan na tukunya ne. A zuba a gashi bayan shampu, a warware da yatsu tun daga ƙarshe ana hawowa gindi, sannan babban mataji mai faɗin haƙora. Ba ya ajiyuwa, kwana ɗaya cikin zafin nan ya yi tsami, a haɗa na ranar kawai. Sai dai a sani, karkashi shi kaɗai ba ya iya fitar da basilin. Wadda ta labta man kitso sai ta fara da shampu.

Garin ganyen kurna ma yana wanki mai sauƙi, yana kuma bar wa sili ɗan tauri da ke taimaka masa tsayuwa. Babban cokali uku a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a buga shi har ya yi kumfa, a shafa minti goma, a ɗauraye sosai.

In man laushi na kanti za ki sa, wanda ake kira demelan, ƙa'idarsa ɗaya: daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe. Gindi, tsawon yatsa biyu daga fata, a bar shi haka nan. Gashin gindi sabo ne, kuma fata na ba shi mai nata na halitta, ba ya buƙatar taimako.

Haka ma mai. Ban ce a daina ba, wanda ya san hunturun Damagaram ba zai faɗi haka ba, gashin da ba a rufe masa danshi ba a watan Janairu karyewa zai yi kamar kara. Awo ne da wuri. Man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ga kowane gida cikin huɗun nan, a narkar da shi a tafin hannu har ya zama ruwa, a shafa a ƙarshen gashi yana da sauran danshi. Ruwa ne ke sa laushi, mai murfi ne kawai, shafa shi a busasshen gashi rufe tukunyar da babu komai ciki ne. Mai gashi mai laushi ƙwarai ta bar man kaɗe sai da hunturu, sauran watanni ɗigo huɗu ko biyar na man riɗi ko man zaitun sun isa. Man kwakwa ya fi amfani kafin wanki: babban cokali ɗaya, minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan a wanke, domin yana cikin ƴan man da ke ratsa sili su rage masa lalacewa lokacin jiƙa. Cebe, wato garin da ake kwaɓawa da mai a shafa wa gashi, da man karkar da ake kawowa daga Chadi aikinsu hana karyewa ne don a tara tsawo, kuma nauyi gare su. Mai neman tashin gashi ba nan za ta same shi ba, kuma ba a sa cebe a fatar kai.

Yadda ya bushe, haka zai zauna

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Jiƙaƙƙen gashi yana ɗaukar siffar da ya bushe a cikinta, ya riƙe ta har sai ya sake jiƙa. Mace ta yi wanka, ruwa ya kai gindin gashi, ta ɗaure shi tamau da roba, ta sa hula, ta ɗora kallabi, ta zura hijabi ta fita. Gashin ya bushe a danne, a danne zai kwana, ko da an wanke shi da shampu mafi tsada. Bayan haka danshin da ke kulle cikin zafi yana kawo wari da ƙaiƙayi, yana kuma ƙara amosanin kai.

Ki matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga, matsewa ba gogewa ba. Ki bar kan a buɗe cikin ɗaki ko gaban fanka, a zafinmu minti 20 zuwa 30 sun kai shi kusan bushewa. Yana da ɗan sauran sanyi, ki yi manyan kalaba shida zuwa takwas, kina ɗaga kowane gida sama, ba kina jansa ƙasa ko baya ba, kuma kada ki matse gindin. Ya bushe sarai kafin a warware, in da sauran danshi zai sake faɗuwa cikin awa ɗaya. Kitson zare ma yana wannan aiki, har ya fi miƙar da gashi ba tare da wuta ba, muddin ba a ja gindin ba. Da kin warware, ki sunkuyar da kai, ki sa yatsu a gindi ki girgiza, sannan ki zura mataji mai dogayen haƙora a gindi ki ɗaga santimita biyu ko uku ki tsaya. Kada ki ja shi har ƙarshe, lanƙwasar da kalaba ta bari ita ce cikar.

Mai na'urar busar da gashi ta sa matsakaicin zafi, ta nisanta ta da kai kamar taƙi guda, ta sunkuyar da kai iskar ta bi ta gindi, ta ƙarasa da iska mai sanyi na minti ɗaya, sanyin ne ke kafe siffar. Mai miƙaƙƙen gashi kuma bigudi manya, wato robobin da ake naɗe gashi a kansu, sun fi mata ƙarfen guga nesa ba kusa ba, a naɗe ana ɗaga gashin tsaye daga fata. Sauya wurin tsaga ma dabara ce mai arha: gashin da ya shekara yana kwanciya dama, in aka juya shi hagu sai ya tashi da kansa.

Hular ciki ta zama mai santsi, sako-sako, ba mai robar da ke barin shaida a goshi ba. In an dawo gida a cire, kai ya sha iska.

Man miƙar da gashi, wanda muke kira defirizan, ƴan Najeriya su ce rilaksa, shi ne babban mai cinye cika. Lanƙwasar gashinmu ita ce ke sa kowane sili ya ture ɗan uwansa su cika wuri. Sinadarin yana karya ƙullin da ke riƙe lanƙwasar, karyewar da ba ta gyaruwa, silin ya miƙe ya kuma yi rauni. Kaifinsa yana kai 12 zuwa 14 a ma'aunin nan na pH. Wanda ake cewa marar zafi, mai kwalba biyu da ake haɗawa, ya fi sauƙi ga fata amma yana bar wa gashi ma'adinin kalsiyam mai busar da shi. Wadda ba za ta iya bari ba, to ta kiyaye abu huɗu. Tsakanin shafawa da shafawa mako 8 zuwa 12, domin gashi wajen santimita ɗaya yake yi a wata, kafin wannan lokaci babu isasshen sabon tsiron da za a shafa wa. A shafa a sabon tsiro kawai, tsohon a rufe shi da basilin, nan ne basilin ke da rana. Kada a wuce mintocin da aka rubuta a kwali don gashi mai laushi, kuma kada a jira sai ya yi zafi, zafin ƙuna ce ba alamar ya kama ba. Sannan a wanke da shampun da ya zo cikin kwalin har kumfar ta daina yin ja-ja ta koma fara. Ni da za a bi tawa, a wanke tun gashin yana da sauran ƴar lanƙwasa. Wanda aka miƙar sumul kamar zaren lilo ba shi da abin da zai tsaya da shi. Rini da defirizan kuwa kada su haɗu a rana ɗaya, a bar aƙalla mako biyu tsakani.

Lalle yana cikin ƴan abubuwan da ke ƙara wa sili kauri da gaske, saboda launinsa yana kama jikin gashin ya zauna. Garin lalle zalla, tankaɗaɗɗe, giram 50 ga gajeren gashi, 100 ga mai kai kafaɗa, a kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi kaurin kindirmo, a rufe awa biyu zuwa uku, a shafa a wankakken gashi marar mai, a rufe da leda awa ɗaya zuwa biyu. Wankewarsa na cin ruwa, a zaɓi ranar da famfo ya zo. Yana busar da gashi, don haka a bi shi da karkashi ko demelan, kuma kada a maimaita kafin mako shida. Furfura za ta koma ja, a san da wannan. Abin da ake kira baƙin lalle na cikin kwali ba lalle ba ne, rini ne mai sinadarin PPD da ke kumbura wa wasu fata da fuska. Ƙwai kuma da ake yawan faɗa, yana ba da ɗan tauri na kwana ɗaya ko biyu, amma ba ya shiga cikin sili, wanki na gaba ya tafi da shi. In za a yi, a ɗauraye da ruwan sanyi, ruwan zafi dafa shi yake a kai. Cin ƙwan ya fi shafa shi amfani.

Ƙarshen gashin da ya sirance har ana hango riga ta cikinsa, a datse shi. Santimita ɗaya zuwa biyu duk wata uku ko huɗu, da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka yadi da shi, ba reza ba. Datsewa ba ta sa gashi saurin tsiro, amma gajere mai kauri har baki ya fi dogo mai jelar ɓera cika ido, kuma tsagewar baki in an bar ta hawa take yi.

Kitso kuma, a gaya wa makitsiya gaskiya tun tana farawa. In kin tashi daga gabanta girarki ta ɗage, ko kin kasa sa goshi a ƙasa da daɗi wajen sallah, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin tsaga washegari, kitson ya yi tsauri, a tsefe layin gaba ko da an biya kuɗi. Ja na yau da gobe shi ke cinye gashin gaban goshi da na saman kunne. Da farko yana dawowa in an sassauta, in aka shekara ana yi ramin ya mutu, wurin ya yi sumul, babu man da zai tayar da shi. Ƙananan kitso ƙwarai suna bayyana fatar kai, mai ƙarancin gashi matsakaita sun fi yi mata kyau, kuma a riƙa sauya fasali, shuku wannan karo, na gaba a kwantar gefe. Kada kitso ya wuce mako huɗu zuwa shida, a bar kai ya huta kwana biyu ko uku kafin sabo. Mesh, wato gashin kanti da ake ƙarawa a kitso, hukuncinsa a addini sananne ne, na malamai ne, ni ta fuskar gashi kawai zan ce sili mai rauni ba ya iya ɗaukar nauyin da ya ninka nasa. Kakanninmu da suke yin doka sun san sirrin tashin kai, tudu suke ginawa a tsakiya, tsayi ne ke sa ido ya ga cika.

In zuba ce daga tushe

Nan mai da karkashi ba su da abin yi. Gashi yana shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta wajen wata uku, ya faɗi, sabo ya maye. In jiki ya sha wuya, gashi da yawa sukan shiga hutun nan lokaci ɗaya, shi ya sa zubar ba ta zuwa sai bayan wata biyu ko uku da faruwar abin. Mai jego takan ga tata tsakanin wata na biyu da na huɗu bayan haihuwa, ta kuma tsaya da kanta, yawanci kafin yaro ya shekara kai ya koma daidai. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da aka yi a Satumba, zubarsa sai Nuwamba ko Disamba, a ɗora wa hunturu laifi. Taifot, tiyata, rama ta farat ɗaya da baƙin ciki mai nauyi duk haka suke. A wannan lokaci a sassauta kitso, a ɗage defirizan, a yi haƙuri.

Ƙarancin jini kuwa ba ya wucewa da kansa, kuma ya yi yawa a cikin matanmu, ga haihuwa kusa-kusa, ga jinin al'ada mai yawa. Alamunsa gajiya, jiri, haki in an yi ƴar tafiya, farin cikin ido da tafin hannu, wani lokaci kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki a sha su yadda aka ce, kada a jefa a kwaba. A abinci, hanta, jan nama, kifi, ƙwai, wake, zogale, har da soyayyar fara da muke da ita a wadace, ga furotin ga sinadarin ƙarfe. Ɗan lemun tsami a kan kwaɗon zogale ko wake yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfen, shayi kuwa hana shi yake yi, a bar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Ciwon maƙoƙo, ko ya fito a wuya ko bai fito ba, shi ma yana sirantar da gashi, gwajin jini ne ke nuna shi.

Akwai abubuwan da ba a jira da su: wuri zagayayye kamar kwabo da ya yi fayau cikin ƴan kwanaki, tsakiyar kai da ke zafi ko ƙaiƙayi yana yin sumul yana faɗaɗa, ƙuraje masu ruwa, zuba tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa. Makero a kan yara ma maganin sha yake buƙata na makonni, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi. Waɗannan a fara da likitar unguwa, in ta kama a wuce babban asibitin ƙasa na Damagaram. Maganin shafawa da aka tabbatar yana taimaka wa raguwar gashi ta gado shi ne minoxidil, mai ƙarfin kashi 2 ko 5 cikin ɗari, ana samunsa a farmasi. Sai an yi wata uku zuwa shida ana shafawa kafin a ga canji, a makonnin farko zubar takan ɗan ƙaru, in an daina abin da aka samu ya koma, kuma mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. Likita ya duba kan kafin a saya.

Nauyi in aka sauke shi, a wankin farko ake ganin bambanci. Karyewa sai an yi wata biyu ko uku, zuba kuma wata shida ko fiye, ido kuwa ba ya iya riƙe yadda kai yake a watan jiya. Ki ɗauki hoton tsagar tsakiya da gaban goshi da wayarki ranar farko ta kowane wata, bayan wanki, gashi a bushe ba mai, a wuri ɗaya da haske ɗaya. In bayan wata uku tsagar na ƙara faɗi duk da kin gyara wanki da kitso, ki tafi wurin likita da hotunan, ki nemi a auna miki jini da maƙoƙo.